'Yata na son shiga shirin nazarin halittun teku a hutun bazara: in zuba adashena a ciki?

"Assalamu alaikum. Ni 'yar Zangon Kumasi ce, shekararmu 19 a Bronx, cikin birnin New York. 'Yata tana da shekara 16, tana aji 11, saura shekara ɗaya ta gama sakandare. Ta kawo mini takardar wani shiri na mako biyu a bakin teku, wai ana koya wa 'yan sakandare nazarin halittun teku kafin su shiga jami'a. Kuɗin ya haura dala 5,000, ban da kuɗin mota. Ta ce zai taimaka mata ta samu jami'a mai kyau. Ni likita nake so ta zama, babanta kuma hankalinsa bai kwanta da ta kwana a wani wuri ba, ga shi ba ta iya iyo sosai ba. Ina da adashen da zan kwasa a watan Maris. In zuba shi a nan, ko dai yaudara ce?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya yi wa karatunta albarka. Na fahimci abin da ke damunki: kina son sanin me ake yi a irin waɗannan wurare har ya ci wannan kuɗi, ko da gaske yana taimakawa wajen samun jami'a, ko zai kau da ita daga hanyar likitanci, sannan ga babban cikinsu, amanar 'ya mace a cikin ruwa da kuma nesa da gida. Bari in fara da abin da zai sanyaya miki zuciya. Ba yaudara ba ce, akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu. Sai dai ban ga dalilin da zai sa ki kwashe adashenki kacokan ki zuba a mako biyu ba, alhali kuna zaune a garin da ruwan gishiri ya kewaye shi, kuma akwai hanyoyin da ita za a biya ma.

Ni 'yar Yawuri ce, a bakin Kwara na tashi cikin Sarkawa, kuma aikina na farko auna tsawon karfasa da tarwaɗa ne a tafkin Kainji. Ban sa ƙafata a ruwan gishiri ba sai da na haura shekara 20. Bayan na zo Amurka ƙaro karatu, na yi bazara biyar ina koyar da yara sa'o'in 'yarki a tashoshin bincike na gabar arewa maso gabas. Abin da zan gaya miki daga can na samo shi.

Ba duka ne iri ɗaya ba

Takardun tallarsu duk kama suke da juna: yara cikin kwale-kwale, ruwa shuɗi, kowa na dariya. A zahiri kuwa sun kasu. Akwai na sansani, inda nishaɗi da koyo suke tafiya tare, kamar Seacamp da ke tsibirin Big Pine Key a jihar Florida, wanda yake aiki tun 1966, ana koyar da nutso da kallon murjani. Akwai na darasi sosai, wanda jami'a ko cibiyar bincike ke gudanarwa, da jarrabawa da maki. Misali Shoals Marine Laboratory, wanda Jami'ar Cornell da Jami'ar New Hampshire suke riƙe da shi tare a tsibirin Appledore na jihar Maine, tafiyar kusan kilomita 10 daga gaɓa. 'Yan sakandare kan yi mako biyu a can su fito da kiredit na jami'a, wato makin darasi da ake iya ƙirgawa cikin digiri. Dauphin Island Sea Lab a jihar Alabama yana da darasi na kusan wata guda. Jami'ar Miami tana da na mako uku. Sea Education Association da ke Woods Hole a jihar Massachusetts, wadda aka kafa a 1971, tana da jiragen ruwa masu filafilai guda biyu, Corwith Cramer da Robert C. Seamans, kuma tana karɓar 'yan sakandare. Sai na uku, wanda yaro ke bin mai bincike a matsayin almajiri, ya yi aiki a biya shi. Zan dawo kansa.

Abu na farko ke nan da za ki gano: takardar da ke hannunki a wane rukuni take. Dala 5,000 a darasin da jami'a ta tsaya masa daban ne da dala 5,000 a yawon buɗe ido da aka shafa wa sunan kimiyya. Na taɓa yin bazara ɗaya a wani wuri irin na yawon buɗe idon. Cikin kwana goma sha huɗu sau uku kacal yaran suka riƙe abin awo a hannunsu, sauran duk hoto ne da yawo a jirgi. Iyaye sun biya kuɗi mai yawa, wasunsu na san da ƙyar suka haɗa. Ban sake komawa ba.

Yadda rana take a wurin da ake aiki da gaske

Ba agogo ne ke tsara ranar ba, teku ne. Sau biyu a kowace rana ruwa yakan cika ya janye saboda jan wata, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A gabar Maine bambancin cika da janyewa yakan kai mita 3. Idan ruwa zai janye da ƙarfe 5 na asuba, to da ƙarfe 5 ɗin yara suna kan duwatsu, domin awa biyu zuwa uku ne kawai ƙasan zai bayyana kafin ruwa ya dawo ya rufe.

Sai a miƙa igiyar awo daga saman dutse har bakin ruwa. A kowane taki a ajiye wani firam mai kusurwa huɗu, a tsuguna, a ƙirga duk abin da ke ciki: dodon koɗi nawa, ƙaguwa nawa, wace irin ciyawar teku ce kuma ta rufe kashi nawa na wurin. A rubuta da fensir, don biro ba ya jure jiƙa. A matsa gaba a sake. Duwatsun suna da santsi, hannu yana yankewa, sanyi yana shiga ƙashi ko da a watan Yuli ne. A tsibirai irin Appledore tsuntsayen teku suna tsaron sheƙunansu a wannan lokaci, kuma sukan kawo wa mutum sura a ka idan ya kusanci sheƙarsu. Ruwan sha ma a ƙididdige yake, wanka ba kullum ba.

Da hantsi a shiga kwale-kwale. A saki wani farin faifai da igiya har sai ido ya daina ganinsa, a auna zurfin, a san hasken ruwan ke nan. Tun 1865 ake amfani da wannan dabara mai sauƙi. A auna gishiri, wanda a tsakiyar teku yakan kai giram 35 a kowace lita. A ja wata raga mai laushi kamar rariyar tankaɗe a bayan jirgi na 'yan mintuna, a juye abin da ta kamo cikin kwalba. Da ido ruwa ne mai ɗan dauɗa. Da yamma idan aka ɗiga shi ƙarƙashin maikroskof sai ɗaki ya yi tsit, domin ɗigo ɗaya cike yake da rai: 'ya'yan ƙaguwa da ba su yi kama da iyayensu ba ko kaɗan, ƙwayoyin tsiro masu ɓawon gilashi, ƙananan jatan lande suna harbin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin tsiro da ke shawagi su ne ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Har yau idan na ga fuskar yaro a daren farko da ya leƙa wannan madubi, nakan tuna abin da ya sa na zaɓi wannan aiki.

Da dare sai lissafi. A zuba alƙaluman a kwamfuta, a zana jadawali, a yi gardama kan dalilin da ya sa wata halitta ta fi yawa a ƙasan dutse fiye da samansa. A kwanakin ƙarshe kowane yaro ya tsaya gaban jama'a ya kare ɗan binciken da ya yi.

Kada ki raina wannan ƙirge-ƙirge. Tun 1986 ɗaliban jami'a da ke shiga jiragen Sea Education Association suke jan raga a tekun Atlantika suna tsince gutsattsarin roba da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Daga ja sama da 6,000 da suka yi cikin shekara 22 aka fitar da binciken da mujallar Science ta buga a 2010, wanda ya nuna inda robar ke taruwa a arewacin Atlantika. Aikin ɗalibai ne, sannu-sannu, shekara bayan shekara.

A ganina nan ne amfanin shirin yake. Yara da yawa suna zuwa da hoton dolfin, dabbar tekun nan mai wasa da tsalle, a zuciya. Na ga wadda ta fashe da kuka a rana ta uku ta ce ba abin da ta zata ba ne, kuma na ɗauki wannan a matsayin riba, domin ta gane tun kafin ta ci bashin karatun shekara huɗu. Na kuma ga wadda jiri da amai suka hana ta sakat a jirgi, amma sai an kore ta daga ɗakin gwaje-gwaje da tsakar dare. Abin da kuɗin ke saya shi ne yarinya ta san ko tana son aikin a yadda yake, da jiƙarsa da ƙarninsa da lissafinsa.

Batun jami'a da likitanci

A nan aka ɗan zuga 'yar tamu. Ni ba na cikin masu tantance ɗalibai, amma na rubuta wa yara da dama takardar shaida, kuma abin da na gani shi ne: biyan kuɗin shirin bazara a wata jami'a ba ya ba yaro gurbi a wannan jami'ar. Masu tantancewa sun san cewa yawancin waɗannan shirye-shirye duk mai kuɗi yana iya shiga. Abin da ke da nauyi shi ne makinta na makaranta, darussa masu wuya da ta ɗauka, musamman kemistiri da lissafi, da abin da ta ci gaba da yi bayan ta dawo. Yarinyar da ta shekara tana auna ruwan kogin unguwarsu duk Asabar tana da labarin da za ta rubuta wanda ya fi na mako biyu ƙarfi.

Kiredit ɗin ma sai a lura. Jami'ar da za ta shiga daga baya ita ke da ikon karɓa ko ƙi, kuma makin da ta samu zai zauna a takardunta, mai kyau ne ko akasin haka.

Likitanci kuwa, ki kwantar da hankalinki. A Amurka galibi ba a shiga makarantar likita kai tsaye daga sakandare kamar yadda muka saba a gida. Sai an yi digirin farko, kuma a kowane fanni ne, muddin an ɗauki darussan da ake bukata na bayoloji da kemistiri da fiziks. Wanda ya karanta halittun teku yana ɗaukar yawancinsu dama. Kuma fannonin biyu 'yan uwa ne na kusa. A Marine Biological Laboratory da ke Woods Hole, cibiyar da aka kafa a 1888, Frederik Bang da Jack Levin suka gano cewa shuɗin jinin wata halitta mai kama da kofaton doki yana daskarewa idan ya haɗu da gubar ƙwayoyin cuta. Da wannan jini aka daɗe ana gwada tsabtar allurai da ruwan ƙarin da ake sa wa marasa lafiya. Osamu Shimomura kuma daga wata halittar teku mai jiki kamar kunu, wadda ya yi ta kamawa a Friday Harbor da ke jihar Washington, ya ciro sinadarin da ke haske kore, wanda masu bincike ke amfani da shi su ga abin da ke gudana cikin ƙwayar halitta. Ya samu kyautar Nobel a 2008. Idan yarinya ta koyi riƙe maikroskof da rubuta abin da ta gani ba ƙari ba ragi, ta koyi rabin tarbiyyar likita.

Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce aikin halittun teku ba ya kawo kuɗi kamar likitanci, gurabensa kaɗan ne, kuma yawanci sai da digiri na biyu. Wannan magana ce da za ku yi da ita a hankali nan gaba, ba sai an yanke ta a bazarar nan ba.

Damuwar babanta

Yana da gaskiya, kuma kada a ɗauki maganarsa a matsayin tsohon ra'ayi. Ku kira su a waya ku biyu. Ku tambaya: yara nawa ke ƙarƙashin babba ɗaya, ina 'yan mata ke kwana kuma wace mace ce ke kwana kusa da su, an binciki tarihin ma'aikatan, wa ke da horon ceto a ruwa, kuma minti nawa ne zuwa asibiti, musamman idan tsibiri ne. Wurin kirki zai amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, domin kullum ana yi musu su. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ku ajiye takardarsa.

Iyo wajibi ne ta koya, ko ta je ko ba ta je ba. Shirye-shiryen da ake shiga ruwa sukan yi gwajin iyo, na kan duwatsu da kwale-kwale kuma rigar kariya ake sawa, amma duk da haka ban yarda yaro ya yi aiki a bakin teku bai iya ceton kansa ba. Hukumar wuraren shaƙatawa ta birninku tana koyar da iyo kyauta, ƙungiyar matasa ta YMCA ma tana koyarwa da ɗan kuɗi. Ku tambaya ko akwai lokacin mata zalla. Daga yanzu zuwa Yuni ya ishe ta.

Ga wani abu da takardun talla ba za su faɗa miki ba, amma ya shafe mu: sikila. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunyar iska, haɗari ne ga ransa. Idan tana ɗauke da rabin ƙwayar, ko tana da asma, likita ne zai yanke hukunci kafin ta yi nutso, ba ni ba, ba kuma mai sansanin ba. Ki tabbata an yi mata gwajin sikila.

Sutura ba ta taɓa hana ni aiki ba. Rigar roba da ake sawa saboda sanyin ruwa tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, ana ɗora mata hula, ni kuma nakan ɗora doguwar riga mara nauyi a kai idan na fito. A jirgi dai ta sa ɗankwali mai kama kai wanda ba shi da jela, saboda igiya da injin. Abinci ki rubuta musu tun da wuri cewa ba ta cin alade. Kifi da sauran dabbobin teku halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma kusan ko'ina akwai abincin marasa cin nama. Azumi a shekarun nan ba ya faɗowa cikin Yuni zuwa Agusta. Salla ce ke son shiri, domin a can arewa alfijir kan keto wajajen ƙarfe 3 na dare a watan Yuni, isha'i kuma sai bayan ƙarfe 10. Ni da kaina na sha yin salla a kan dutse, ruwa na dawowa a bayana, kuma ban taɓa samun wanda ya hana ni ba.

Abin da ke ƙofar gidanku

Da 'yata ce, ga inda zan fara. Ƙungiyar masana kifi ta Amurka, American Fisheries Society, tana da shiri irin rukuni na ukun nan mai suna Hutton tun 2001: mako takwas, ana haɗa ɗalibin sakandare da masanin kifi da ke kusa da gidansu, kuma ana ba shi dala 3,000. A gida za ta riƙa kwana, wanda ya warware damuwar babanta. Ana rububinsa, kuma akan rufe karɓar takardu tun farkon shekara, saboda haka yanzu ne lokacin neman malamin da zai rubuta mata shaida.

A Hunts Point, nan cikin Bronx ɗinku, akwai Rocking the Boat, inda matasa ke sassaƙa kwale-kwalen katako da hannunsu, su shiga kogin Bronx da shi suna auna lafiyar ruwa. Akwai Billion Oyster Project da aka fara a 2014, masu burin mayar da oista biliyan ɗaya cikin ruwan New York kafin 2035. Oista halitta ce mai ɓawo biyu kamar makankarin da muka sani a kogunanmu, tana tace ruwa yayin da take ci. Suna karɓo ɓawon daga gidajen abinci su mayar da shi ruwa, kuma ɗalibai ne ke yin awo da yawa daga ciki. Gidan tarihi na American Museum of Natural History yana da shirin da ke haɗa 'yan sakandaren birnin da masu bincike na tsawon shekara, da nasa sharuɗɗan shiga. Ta je wurin mai ba da shawara na makarantarsu da waɗannan sunaye a rubuce.

Idan bayan wannan duka zuciyarta na kan na tsibirin, to a nema, amma tare da takardar neman tallafi a rana ɗaya. Da yawa daga cikin masu kyan suna da kuɗin tallafi, kuma wanda ya riga nema ya fi samu. Iyayenmu sukan ji nauyin cike wannan takarda kamar roƙo ne, alhali don irinmu aka ajiye kuɗin. Farashi da ranakun rufewa suna canjawa duk shekara, sai ku duba na bana a wurinsu. Ki yanke adadin da za ki iya bayarwa ba tare da kin taɓa kuɗin shekararta ta farko a jami'a ba, ki gaya mata a fili, ragowar ta nemo da tallafi da aikin hutu. Ban san 'yarki ba, ke kika san ta. Idan irin yaran nan ce da ba sa buɗewa sai sun bar gida sun ga sa'o'insu masu irin sha'awarsu, wannan ma abin dubawa ne, kuma na ga yaran da mako biyun ya canja su.

Kafin Maris ɗin, ku yi wannan gwaji da ba zai ci muku komai ba sai kuɗin jirgin ƙasa. Ta duba jadawalin cika da janyewar teku a intanet, ta zaɓi ranar Asabar da ke kusa da tsayuwar wata ko cikarsa, lokacin da ruwa ya fi janyewa. Ku hau jirgi mai lamba 6 zuwa Pelham Bay Park, ku ƙarasa Orchard Beach, ku bi ta gefen duwatsun Twin Island. Ta tafi da littafi da fensir da tsohon takalmi. Ta ɗaga duwatsu goma, ta ƙirga ƙaguwar da ke ƙarƙashin kowanne, ta mayar da dutsen yadda ta same shi. Mai ratsi-ratsi a ƙafa da za ta fi gani baƙuwa ce daga gabashin Asiya, a 1988 aka fara ganinta a New Jersey, yanzu ta mamaye gaɓar. Ki tsaya daga gefe ki lura da ita, Hajiya. Bayan mako biyu ki ga ko ita da kanta za ta ce a koma.